Leda ɗaya, hukunci biyu: yadda mai amosanin gaɓɓai za ta riƙe maganinta da ciki da goyo

Da asubar wata Laraba aka buga mini ƙofa a gidanmu da ke Zango, Agege. Yarinyar maƙwabta ce. Ta ce, "Anti Nas, Hajiya ta ce don Allah ki zo, Amarya ta kasa tashi." Na tarar da ita kwance a kan tabarma, bokiti a gefenta, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Idan aka tashe ta zaune sai jiri ya mayar da ita. Kwana uku ke nan tana amai, kuma matan gidan duk bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa laulayi ne, ai cikin fari ya gaji haka. Na ɗaura mata abin awon jini, na ga ya yi ƙasa ƙwarai. Da na tambaya ko akwai maganin da take sha, Hajiya, uwar mijinta, ta jawo durowa ta ciro wata baƙar leda a ƙulle. Ta ce, "Da dai tana sha, amma tunda aka ga ciki muka hana ta. Kin san mai ciki ba ta shan magani barkatai." Na kwance ledar, sai ga katin wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da na sani kamar yunwar cikina, domin ni ma su nake sha. Kusan shekara 2 Amarya tana shan su kullum, aka yanke mata rana ɗaya.

Muka tare keke Marwa muka kai ta asibiti. Aka yi mata allurar da ta dace, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, kafin azahar ta buɗe ido tana neman shayi. Cikin bai zube ba, alhamdulillahi. Ban ga laifin Hajiya ba, jikanta take tattali. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin awon ciki, haifaffiyar Agege, asalin iyayena Zariya. Amosanin gaɓɓai ya kama ni bayan haihuwata ta fari, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta dinga cin gaɓɓan mai ita. Da safe nakan tashi yatsuna sun sandare, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin in iya murɗa murfin fulas. Na yi ciki biyu da ciwon, na shayar da 'ya'yan duka. Ranar da na fara haɗiyar ƙwayar nan da ciki a jikina, hannuna rawa yake yi, duk da karatun da na yi a kanta. Saboda haka na san tsoron nan ciki da bai. Abin da zan faɗa miki ba zai tsaya a madadin likitanki ba, amma zai sa ki san abin da za ki yi tun daga daren da tsinken gwaji ya nuna layi biyu.

Fara da zazzage ledar

Ki zazzage duk magungunanki a kan faranti, har da na kemis da na gargajiya. Ki karanta sunan da ke jikin kowane kati, in ba ki iya ba ki sa wani ya karanta miki, ku rubuta a takarda: sunan, miligiram nawa ne, guda nawa kike sha, tun yaushe. Zan rubuta sunayen nan yadda suke a jikin kwali domin ki gane su da ido. Dalilin wannan aiki shi ne, a ledar mai amosani ko mai cutar lufus (shi ma ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, yakan taɓa fata da gaɓɓai da ƙoda) sau da yawa akwai magani biyu da hukuncinsu ya saɓa wa juna. Ɗaya ba a yanke shi farat ɗaya ko da ciki. Ɗayan kuma ba a ƙara haɗiyar ko ƙwara ɗaya da zarar an ga ciki. Na farkon shi ne firednisolon, wanda a kwali aka rubuta Prednisolone. Na biyun shi ne Methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Mata da yawa kan haɗa su su yi musu kuɗin goro: ko dai su zubar da duka, ko su ci gaba da duka. Kowanne daga ciki kuskure ne.

Firednisolon, da abin da ya sa ba a yanke shi

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar tsoka da ke samar da sinadarin kotisol. Shi ke riƙe da ƙarfin jini da sukarin jiki, shi ke tallafe jiki idan ya shiga wahala irin ta zazzaɓi ko tiyata ko naƙuda. Firednisolon ɗan'uwan kotisol ne da aka ƙera. Idan kika sha shi kullum fiye da mako 3, tsokar nan sai ta ga ana kawo kaya daga waje, ta rage nata aikin, kamar mai girki da ta ga kullum ana aiko da kwano daga maƙwabta ta daina hura wuta. Ranar da kika yanke, kwanon bai zo ba, murhu kuma a sanyaye. Nan ne amai da jiri da mutuwar jiki da faɗuwar jini ke zuwa, kuma abin yana iya kai wa ga rasa rai. Abin da ya sami Amarya ke nan. Shi ya sa ko likita zai raba ki da shi, da kaɗan-kaɗan yake ragewa, ya ba tsokar nan lokaci ta farka.

To shi ɗan da ke ciki fa? Nan ne wurin da nake so ki natsu. Mabiyiya, wadda abinci ke bi ta cikinta zuwa ga jariri, tana da wani sinadari da ke kashe kaifin firednisolon kafin ya tsallaka. Abin da ke isa ga ɗan da ƙarfinsa bai fi kusan kashi 1 cikin 10 na abin da ke jinin uwa ba. Saboda wannan ne likitoci suka zaɓe shi a cikin danginsa idan uwar ake so a yi wa magani. Ƙaninsa deksa kuwa, wato Dexamethasone, da Betamethasone, wucewa suke yi sosai. Shi ya sa idan ana fargabar haihuwar bakwaini tsakanin mako 24 da 34, allurar deksa ake yi wa uwa domin huhun jaririn ya yi ƙwari. Wannan allura ce ta kwana ɗaya zuwa biyu a asibiti, da manufa. Ba daidai take da ƙwayar deksa da 'yan mata ke saye a kemis don su yi ƙiba ba. Wadda ke shan waccan tana da ciki, ita da ɗan take ba wa. Idan kin daɗe kina shan ta, ke ma kada ki yanke da kanki, ki je ki faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba.

Akwai wani tarihi da nake son ba wa masu zuwa awo. Wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya lura tun shekarun 1930 cewa mata masu amosani kan samu sauƙi idan suka yi ciki. Ya ce lallai akwai abin da jiki ke samarwa da ke kwantar da kumburi. Bin diddigin wannan ne ya kai ga gwada kotison, wani ɗan'uwan kotisol, a kan wata majinyaciya a 1948, matar da ba ta iya sauka daga gado ta miƙe ta taka. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu, a 1955 kuma firednisolon ya shigo kasuwa. Kin ga ashe mata masu ciki na cikin waɗanda suka nuna hanyar maganin, kuma shekara kusan 70 ke nan ana ba masu ciki shi ana lura da abin da ke biyo baya.

Ba zan ce miki ba shi da illa ba. Binciken da aka yi a da ya nuna kamar yana ɗan ƙara yiwuwar a haifi yaro da tsagaggen leɓe idan aka sha shi a farkon ciki, amma manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da hakan ba. Abin da aka fi tabbatarwa ya fi shafar uwa: yana tayar da suga, yana tayar da hawan jini, yana tara ruwa a jiki, yana rage ƙarfin garkuwa, yana cin ƙwarin ƙashi. Mai yawa na tsawon lokaci yana iya sa faya ta fashe kafin lokaci ko ɗan ya ƙi girma yadda ya kamata. Duk wannan da yawan abin da ake sha yake tafiya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce mai shan miligiram 10 ko ƙasa da haka a rana tana iya ci gaba in akwai buƙata, wadda ke shan mai yawa kuma a yi ƙoƙari a sauko da ita ƙasa da 20, a tallafa da wani maganin da ya dace da ciki. Ƙwayar da aka fi samu a nan ta miligiram 5 ce, saboda haka ki ƙirga ki san naki lissafin.

Sannan a sa ɗaya gefen a ma'auni. Ciwon da aka sake shi ya tashi yana ci kamar wutar daji ba ya barin ɗan ciki lafiya. Kumburin da ba a kwantar ba shi kansa yana jawo bakwaini da ƙaramin jariri, a lufus kuma yana iya taɓa ƙoda ya kai ga jijjiga. Mai asma da ta ƙi shan nata ta kwana tana haki, ɗan ma bai samu iskar kirki ba.

Ki sha shi da safe bayan kin sa wani abu a ciki, ko da kunu ne ko burodi. Da daddare yakan hana barci. Idan laulayi ya sa kika amayar da shi cikin rabin awa, ki sake sha. Idan ya ƙara dawowa, kada ki jira gobe, ki tafi asibiti ki ce kina kan firednisolon kuma ba ya zama, akwai allurar da ake yi a madadinsa. Da azumi, shari'a ta riga ta yi wa mai ciki da mai shayarwa sauƙi. Wadda ta ga za ta iya, ta tambayi likita tun cikin Sha'aban ko za a mayar mata da shi lokacin sahur.

Waɗanda ba sa haɗuwa da ciki

Methotrexate yana zubar da ciki, yana kuma nakasa halittar jariri. Idan kin ga ciki kina kansa, na wannan makon kada ki sha, ki nemi likitanki a ranar ko washegari. Zai ba ki folik asid mai ƙarfi, ya tura ki sikanin. Kada ki yanke ƙauna, akwai matan da hakan ta faru da su suka haifi lafiyayyun 'ya'ya, amma lamarin na son sa ido. Mycophenolate, da ake ba masu lufus da ya taɓa ƙoda, shi ma yana nakasa jariri. Shi kam ki ga likita a ranar domin ya canza miki da wani, tunda ba a barin ƙodar haka nan ba magani. Leflunomide yana iya zama a jiki har shekara 2 bayan an daina, sai an ba da wani magani na musamman da ke wanke shi.

Hanya mafi kyau ita ce kada a kai ga wannan firgici. Mu ba mu saba cewa "ina shirin yin ciki" ba, abu ne na Allah, kuma akwai kunya. Amma mai irin wannan ciwo dole ta cire kunyar a gaban likita. Ana daina Methotrexate wata 1 zuwa 3 kafin ɗaukar ciki, wasu takardun magani ma sun ce wata 6, Mycophenolate kuma aƙalla mako 6. A tsakani ana komawa kan waɗanda suka dace da ciki: Hydroxychloroquine, Sulfasalazine, Azathioprine. Mai lufus ana so ciwon ya kwanta na wata 6 kafin ta ɗauka. Wannan yana nufin a yi tazara na ɗan lokaci, kuma a nan ne nake roƙon maigida ya raka ki ya ji da kunnensa. Nawa ya raka ni sau ɗaya, daga ranar bai ƙara tambayata dalili ba, shi ke tuna mini ranar ganin likita.

Likitocin amosani ba su da yawa a ƙasar nan, amma a Legas mun yi dace. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da 'yan'uwanmu suka cika, akwai kuma a LASUTH da ke Ikeja, wanda ba shi da nisa da Agege. Ki sammako, layi da cunkoson hanya sai wanda ya gani.

Ciwo ya motsa da dare, kemis na bakin layi

Wannan ita ce jarabawar da ta fi yawa. Gwiwa ta kumbura, an aiki yaro kemis a ce a haɗo maganin ciwon jiki, ya dawo da ƙwayoyi kala-kala a farar leda, babu suna babu kwali. A irin wannan haɗi ba a rasa ibufurofen ko diklofenak ko Piroxicam, sau da yawa har da deksa ko firednisolon. Ke nan kin ninka naki ba ki sani ba. Dangin ibufurofen suna da nasu haɗarin: a watan Oktoba na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su daga mako 20 na ciki, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Daga mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa da bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Farasitamol shi ne na farko ga mai ciki, shi ma bisa ƙa'ida. Ki gasa gaɓar da tsumma mai ɗumi, in ya ƙi lafawa ki je asibiti. Asfirin ƙarami da likita ke ba wasu masu ciki daga mako 12 don kare jijjiga daban yake, in an rubuta miki ki sha.

Sunan da muke kiran ciwon nan da shi ma yana ɓatar da mu. Mun ce sanyin ƙashi, sai kowa ya ɗora laifin a kan daminar Legas da kwanan fanka, a kawo jiƙo da sassaƙe da agbo na maƙwabtanmu Yarabawa. Ba wanda zai iya faɗa miki abin da ke cikin gorar, kuma an sha kama masu zuba irin su deksa a maganin gargajiya domin mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo. Da ciki, ki bar su. Maganin asibitin ma ki saye shi a kantin da kika yarda da shi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

A ɗakin awo

Ki fara awo da wuri, kada ki jira ciki ya fito. Ranar farko ki tafi da takardar nan da kika rubuta da kwalayen kansu. Abin da ke ci mini rai a wurin aiki shi ne mace ta zauna gaban likita, ya yi ta Turanci ko Yarabanci, ta yi ta "to, to," ta fito ba ta ji komai ba, shi ma bai ji nata ba. In Turancinki ko Burokanki bai kai ba, ki tafi da wadda za ta fassara, ko ki tambaya ko akwai ma'aikaciya mai jin Hausa. Ki sa a rubuta a saman katinki cewa kina shan firednisolon.

Ki nemi a gwada miki suga. Ana yi wa masu ciki tsakanin mako 24 da 28, amma mai shan wannan magani ya kamata a duba ta tun kafin nan. Duk zuwa a auna jininki a gwada fitsari. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, waɗannan ba a kwana da su a gida. Ki tambaya game da kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi. Ki rage gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba.

Zazzaɓi kuma kada ki raina shi, domin maganin yana iya danne zafin jiki ciwo na ci a ɓoye. Ki kwana a gidan sauro. Hydroxychloroquine ɗan'uwan kulorokwin ne, amma ba zai kare ki daga zazzaɓin cizon sauro na ƙasar nan ba. Ga wani abu da ko ma'aikata kan manta: ƙwayoyin nan uku na rigakafin zazzaɓi da ake ba masu awo, folik asid mai miligiram 5 yana rage musu ƙarfi. Mai shan Sulfasalazine kuwa irin wannan folik ɗin ake ba ta. Ki faɗa, su san yadda za su tsara miki. In yaro a gida ya fito da ƙarambau ko ƙyanda ke kuma ba ki taɓa yi ba, ki nisance shi ki sanar da asibiti a ranar.

Mai lufus tana da ƙarin gwajin jini biyu da ya kamata ta tambaya. Ɗaya na abin da ke sa jini daskarewa ya jawo yawan ɓari, wanda ake magancewa da asfirin ƙarami da allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Ɗayan na wani sinadarin garkuwa ne da a kusan ciki 2 cikin 100 na masu shi yake rage bugun zuciyar jariri, shi ya sa ake bibiyar zuciyar da na'ura daga mako 16 zuwa 26. Hydroxychloroquine ɗinta kuma kada ta ajiye shi, yana cikin abin da ke tsare cikin.

Ranar haihuwa

A asibiti za ki haihu, kuma wanda ke da likita da ɗakin tiyata. Naƙuda ita ce babbar wahalar da jiki ke neman kotisol mai yawa, taki tsokar kuma tana iya kasawa. Wadda ta sha miligiram 5 ko fiye kullum sama da mako 3 takan buƙaci allurar Hydrocortisone, wato kotisol na allura, lokacin naƙuda ko in za a yi mata aiki. Mai naƙuda ba ta iya dogon bayani, saboda haka ki koya wa wadda za ta raka ki jimla ɗaya da za ta faɗa tun daga bakin ƙofa: tana shan firednisolon, ga katinta.

Jego da nono

Ki ba shi nono, tun daga dakashi. Abin da ke shiga nono na firednisolon kaɗan ne ƙwarai. Mai shan ƙasa da miligiram 20 a rana ta shayar yadda ta ga dama. Wadda nata ya kai 20 ko ya wuce, shawarar ita ce ta bar awa 4 tsakanin shan magani da ba da nono. Yadda na yi da autana lokacin da aka ƙara mini: da asuba in ba shi ya ƙoshi, in tatsi kaɗan a kofi mai murfi, sannan in karya in sha maganin. In ya farka kafin lokaci ya cika, kakarsa ta ba shi na kofin da ƙaramin cokali. Mako 3 muka yi haka aka rage mini, muka koma yadda muke. Hydroxychloroquine da Azathioprine da ibufurofen duk ana shayarwa da su. Sulfasalazine ma haka, sai dai in jaririn bakwaini ne ko shawara ta kama shi, a gaya wa likitan yara tukuna. Methotrexate da Mycophenolate da Leflunomide ba sa haɗuwa da shayarwa.

Ki shirya wa dawowar ciwon. Kusan rabin masu amosani kan ji sauƙi da ciki har su zaci sun rabu da shi, sai bayan suna, ko wajen arba'in, ko wata na uku, ya dawo da ƙarfinsa. Ni ranar da ya dawo mini kasa ɓalle maɓallin rigar jariri na yi, na zauna ina kallonsa yana kuka ina kuka. Ki karɓi ranar ganin likitan amosani tun kafin ki haihu, kada ki bari sai hannu ya ƙi ɗaukar ɗa. In ya zama dole a mayar da ke kan Methotrexate, ku zauna da likita ku tsara yaye da tazara, kada ki sha a ɓoye kina shayarwa.

Sai kunun kanwa. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu daɗi, ni ma sai da na sha fama da Innata. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, firednisolon kuma dama yana riƙe gishiri da ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na ce mata, "Inna, a dama mini na gyaɗa ko na tsamiya, kanwar ce likita ya hana." Ta yi shiru, ta ce, "To, Allah ya ba da lafiya," washegari na gyaɗa ta kawo. Ruwan wanka ma a sirka shi, fatar mai shan wannan magani ba ta da ƙwari, ƙuna kuma ba ta saurin warkewa.

Rigakafin jariri a yi masa kamar kowa, firednisolon ɗin uwa ba ya hanawa. Wadda kaɗai za ta dakata ita ce wadda aka yi wa alluran nan masu tsada irin su Infliximab ko Adalimumab a watannin ƙarshe na ciki. Suna tsallakawa ga jariri su rage masa garkuwa na wasu watanni, allurar BCG ta tarin fuka da ake yi a kafaɗa ranar haihuwa kuma mai rai ce. Ta sanar kafin a yi, likitan yara ya sa lokacin da ya dace.

In za ki tafi gida haihuwa ko wankan jego, Kano ne ko Katsina ko Sakkwato, ki karɓi wasiƙa daga likitanki mai ɗauke da sunan ciwon da magungunan da adadinsu. Ki sayi wanda zai ishe ki har ki dawo, da rarar mako 2. Ki raba shi biyu, rabi a akwati, rabi a jakar hannu da ke kan cinyarki, domin motar Arewa takan kwana a hanya, akwatin kuma yana can ƙarƙashin kaya ba mai ciro miki shi da asuba. Amarya haka ta yi da cikin ya kai wata 8. Hajiya ce da kanta ta ƙirga mata katunan, ta ɗaure na jakar hannun da kyauro, ta sa lambar wayata a cikin ledar.